Waiwaye: Josephine Dodge da gidajen renon yara na farko a New York

A ƙarshen ƙarni na 19, matar da mijinta ya rasu ko ya gudu ya bar ta a unguwannin talakawan New York zaɓinta kaɗan ne. Ko ta kulle yara a ɗaki ta tafi wankau ko masana'anta, ko ta bar jariri a hannun yayarsa da ita ma ba ta wuce a rene ta ba, ko ta miƙa su gidan marayu alhali tana raye. Wannan giɓin ne Josephine Jewell Dodge, 'yar tsohon gwamnan jihar Connecticut, wadda aka haife ta a 1855, ta sa dukiyarta da sunanta don cikewa.

Ba ita ta fara ba, domin tun 1844 an buɗe a Paris gidan renon yara, inda uwa ke barin ɗanta da rana ta tafi aiki. Nata aikin shi ne ba abin tsari. A 1888 ta kafa Jewell Day Nursery, a 1893 kuma ta shirya gidan reno na gwaji a babban baje kolin duniya na Chicago, inda aka kula da yara kusan 10,000. Ana maƙala wa yaro lamba, a ba uwa irinta, sai ta nuna kafin ta karɓi ɗanta. A 1898 ta haɗa gidajen a ƙungiya ɗaya ta ƙasa, ta shugabance ta.

Yinin yaro a irin waɗannan gidaje kusan iri ɗaya ne. Uwa ta kawo shi wajen ƙarfe 7 na safe, ta biya kamar sent 5. A duba jikinsa, a yi masa wanka, a sa masa tufafin gidan, nasa kuma a rataye su su sha iska har yamma. Ba tsafta kawai ake nema ba: ƙyanda da mashaƙo na iya bin ɗaki guda cikin kwanaki, madarar da zafi ya lalata kuma tana jawo gudawar da ke kashe jarirai. Inda kuɗi ya gaza, ma'aikaciya ɗaya ce ke fama da yara masu yawa, sai reno ya koma ciyarwa da kwantarwa kawai.

Babban raunin tsarin, a ganinmu, shi ne an gina shi a matsayin sadaka. Sai an binciki uwa an tabbatar dole ce ta fitar da ita aiki. Gidaje da dama sun ƙi karɓar 'ya'yan matan da ba su yi aure ba da 'ya'yan baƙaƙen fata, har matan baƙar fata suka kafa nasu, Hope Day Nursery, a 1902. Dodge kanta ba ta ga abin a matsayin haƙƙin mata ba. A 1911 ma ita ta jagoranci ƙungiyar ƙasa mai adawa da ba mata 'yancin jefa ƙuri'a.

Taron Fadar White House na 1909 kan yara marasa galihu ya karkata ga a tallafa wa uwa ta zauna gida da 'ya'yanta. Jihar Illinois ta fara biyan irin wannan tallafi a matsayin fansho ga iyaye mata a 1911, wasu jihohi suka bi. Kuɗin bai cika isa ba, mata da yawa ba su ma samu ba, don haka suka ci gaba da fita aiki, gidajen renon kuma suka ci gaba da dogaro da masu hannu da shuni.