Me ya sa gabana ke faɗuwa idan aka ce in tashi in yi magana?

Me ke faruwa a jikina daidai lokacin da aka kira sunana?

Ƙwaƙwalwarka ce ta ɗauki idanun jama'a a matsayin haɗari. Sai ta aika saƙo ga wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda, su kuma su saki sinadarin adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Bakin da ke bushewa ƙamas kuwa, jiki ne ya jingine aikin narkar da abinci, yawu ma na cikin wannan aikin. Duk shirin gudu ko faɗa ne. To ga shi babu inda za ka ruga, babu wanda za ka kaiwa naushi, sai ƙarfin ya rasa mafita ya ɓullo ta rawar hannu da rawar murya.

Ko dai wasu da baiwar aka haife su, ni ban samu ba?

Akwai masu baiwa, amma da yawa daga cikin waɗanda ake yabo sai da suka sha wuya. Sarki George na shida na Ingila yana da in'ina mai tsanani. Tun 1926 ya fara zama da mai gyaran magana Lionel Logue, kuma shi ne ya yi wa al'ummarsa jawabi ta rediyo ranar 3 ga Satumba, 1939, da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Annabi Musa ma, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa. Idan naka harshen ya yi nauyi, ba a kanka farau ba.

Mutane suna ganin yadda nake kyarma?

Ba kamar yadda kake zato ba. A 2003 masana halayyar ɗan Adam Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun nuna cewa masu jawabi kan ɗauka tsoronsu ya fito fili fiye da yadda masu sauraro suka lura. Kai kake jin bugun ƙirjinka, na kujerar gaba ba ya ji. Saboda haka ka daina buɗe magana da "ku yi haƙuri, ban saba ba". Da bakinka kake tona abin da babu wanda ya gani.

In haddace jawabin gaba ɗaya?

A ganina, nan ne mafi yawan mutane ke jefa kansu cikin rami. Wanda ya haddace kalma bayan kalma, kalma ɗaya ta kuɓuce masa shi ke nan, sauran duk sun bi ta. Abin da ya kamata ka haddace shi ne jimloli biyu ko uku na farko, domin a lokacin tsoro ya fi ƙarfi, sai kuma maganar da za ka rufe da ita. Tsakiyar kuwa, rubuta kanun batutuwa a 'yar takarda da manyan baƙaƙe.

Sannan ka gwada da murya, a tsaye. Karantawa a zuci yaudara ce: komai yana tafiya sumul har sai ka buɗe baki ka ji harshe na harɗewa. Ɗauki kanka a waya ka saurara. Na san babu daɗi, kusan kowa ya tsani jin muryarsa, amma nan za ka kama saurin da kake yi da yawan "am... am" ɗin da ba ka san kana yi ba. Daga nan ka gwada gaban mutum biyu ko uku kafin ranar taron.

Saura minti biyar, me zan yi?

Shaƙi iska a hankali, ka fitar da ita a hankali fiye da yadda ka shaƙa. Doguwar fitar numfashi tana rage gudun zuciya. Kurɓi ruwa. Kuma kada ka ɓata lokaci kana lallashin kanka wai ka natsu. Binciken Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka ce wa kansu ɗoki suke yi sun fi taka rawar gani, domin tsoro da ɗoki kusan abu ɗaya suke sa jiki, juya ɗaya zuwa ɗaya ya fi sauƙi.

Idan kaina ya ƙulle a tsakiya fa?

Yi shiru, dubi takardarka, maimaita maganarka ta ƙarshe, ka ɗora. Shirun da kake ji kamar shekara, daƙiƙu kaɗan ne a kunnen jama'a.

Yaushe abin ya wuce tsoro na yau da kullum?

Idan ya kai kana ƙin ƙarin girma a wurin aiki, ko kana barin karatu, ko kana kwana da kwanaki ba barci don kawai za ka yi magana, je ka ga likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai jinyar da ake yi ta tattaunawa da sabawa a hankali. Wasu likitoci kan ba da wani magani mai suna Propranolol don rage bugun zuciya da kyarma, sai dai kada ka saya da kanka, domin yana da haɗari ga mai ciwon asma.