Soket mai wayo: makunnin da ya koma cikin waya

Idan ka ga ɗan kwali a shagon masu kayan wuta an rubuta Smart Plug a jikinsa, abin da ke ciki bai fi adafta girma ba. Ana cusa shi a soket ɗin bango, sannan a jona fanka ko firiza a jikinsa. Abu biyu ne a cikinsa: ɗan makunni mai aiki da maganaɗisu, wanda masu gyaran wuta ke kira rile, da ƙaramar na'urar da ke kama Wi-Fi. Ka taɓa waya, rile ya yi ƙas, wuta ta wuce ko ta yanke. Iyakar wayonsa ke nan. Ba sitabilaiza ba ne, ba ya ɗaga wuta idan ta zo a raunane, kuma akasarinsu ba sa kare kaya idan ta zo da ƙarfi.

Haɗa shi ba wuya. Ka sauke manhajar da ta dace da shi, Tapo ko Smart Life ko eWeLink, ka danne maɓallin jikinsa kamar daƙiƙa 5 har fitilarsa ta fara ƙiftawa, sannan ka ba shi kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gida. A nan mutane da yawa ke maƙalewa: yawancinsu Wi-Fi mai zangon 2.4GHz kawai suke kamawa, don haka idan rauta ko MiFi ɗinka na kan 5GHz, sai ka wuni kana gwadawa a banza.

Inda ya fi biyan kuɗinsa a Gombe shi ne gidan da ke da sola. Firiza ce ke shanye batir da dare. Sai a tsara mata ta tashi ƙarfe 9 na safe, lokacin da rana ta zauna a kan faranti, ta mutu ƙarfe 4 na yamma. Idan ba a yawan buɗe ta, ƙanƙarar da ta haɗa za ta riƙe har gari ya waye, batir kuma ya rage wa fanka, wanda duk mai kwana a Tunfure ko Pantami cikin zafin Maris da Afrilu ya san darajarsa. Da hunturu kuwa hitar wanka ake sa wa: ta kama ƙarfe 4:30, ta saki ƙarfe 5, a tashi Asuba a tarar da ruwan zafi, ba ta kwana tana cin kati ba. Dutsen guga ma haka, a sa masa ya yanke bayan minti 30 ko an manta.

Wasu, irin Tapo P110, suna ƙirga wutar da kowane abu ya sha. Ga mai mitar kati a ƙarƙashin JED, kamfanin rarraba wuta na Jos, musamman 'yan Band A, rukunin da aka ware wa wuta mafi yawan awanni a rana, da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, wannan ne ke raba gardamar wa ke cinye yunit a gida. Sau da yawa tsohon firij ne mai sakakkiyar roba a ƙofa, ba cajin wayar yara ba.

To, kafin ka saya, juya bayansa ka karanta. Wutarmu 230V ce, saboda haka mai 10A iyakarsa wat 2,300, mai 13A kuma dab da wat 3,000. Butar lantarki kaɗai tana iya kai wat 2,000. Ka jona ta da dutsen guga ta hanyar estenshan, robar ta fara laushi, ƙafafun su yi baƙi. Injin jan ruwa ya fi yaudara. Mai doki ɗaya kusan wat 750 ne a lissafi, amma lokacin tashi yana fizgar ninki uku zuwa shida. Tartsatsin da ke tashi a bakin rile yana iya manne shi, waya ta nuna an kashe alhali injin na ta aiki, tanki na ambaliya. Maganinsa a kira mai gyara ya sa kontakta, wato babban makunni mai ɗaukar nauyin wuta, soket ɗin ya riƙa ba shi umarni kawai, nauyin ya bi ta can. Na'urar sanyaya ɗaki ma haka.

Sai batun ɗauke wuta. A cikin manhajar akwai wurin zaɓen abin da zai yi idan an dawo da ita: ya kunna, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake. Hita da dutsen guga a bar su a kashe. Kuma galibinsu ba su da batirin agogo, daga intanet suke karɓar lokaci, shi ya sa idan data ta ƙare bayan an ɗauke wuta jadawalin ke rikicewa. Rautar ta zauna a kan inbata.

Talabijin da duk abin da sai an danna rimot yake tashi, soket zai kai masa wuta ne kawai, ba zai kunna shi ba. Fanka mai murɗawa da fitilar ƙofar gida su ne ba sa gardama.