Ramanuja

Ramanuja malamin falsafar addinin Hindu ne daga kudancin Indiya, kuma jigon mazhabar Vishishtadvaita, ɗaya daga cikin rassan Vedanta, wata babbar makarantar falsafar Hindu. Mabiyansa sun ce an haife shi a 1017, ya rasu a 1137 yana da shekara 120. Wasu masana tarihi sun fi karkata ga 1077 zuwa 1157.

Rayuwarsa

An haife shi a Sriperumbudur, kusa da birnin Chennai na yanzu. Ya yi karatu a Kanchipuram wajen Yadava Prakasha, amma suka raba gari saboda saɓani kan ma'anar nassoshin Upanishad, tsofaffin littattafai masu tsarki na Hindu. Yawancin abin da ake faɗa bayan nan ya fito ne daga littattafan yabo da mabiyansa suka rubuta daga baya. A cikinsu an ce ya tafi Srirangam don ganin dattijon malami Yamunacharya, sai ya tarar rai ya yi halinsa, yatsu uku na gawar a naɗe. Ramanuja ya ɗauki alkawari uku, ciki har da rubuta sharhin Brahma Sutra (wani babban littafin Vedanta), yatsun suka miƙe. An kuma ce a Tirukkoshtiyur ya hau hasumiyar wurin bauta ya shelanta wa talakawa kalmomin addu'ar da wani malaminsa na daban ya ce a ɓoye.

Ya shugabanci haikalin Srirangam, har tsangwamar wani sarkin daular Chola ta sa ya yi hijira zuwa ƙasar daular Hoysala, ya zauna a Melkote. Ba a daidaita kan ko wane sarki ne ba.

Rubuce-rubucensa

Ana jingina masa littattafai 9, duka da harshen Sanskrit. Mafi girmansu shi ne Sri Bhashya, sharhin Brahma Sutra, inda ya kawo hujjoji 7 na rusa ra'ayin mazhabar Shankara, wani malamin Vedanta da ya gabace shi, cewa duniya ruɗu ce da jahilci ya haifar. A wurinsa duniya da rayuka gaskiya ne, matsayinsu ga Vishnu, abin bautar da ya ɗauka a matsayin Ubangiji, irin na jiki ne ga rai, kuma tsira tana samuwa ta bauta da ƙauna. Akwai kuma Vedartha Sangraha da sharhinsa na Bhagavad Gita, wani littafi mai tsarki na Hindu. Wasu masu bincike na shakkar cewa shi ya rubuta addu'o'in Gadya Traya.

Bayansa

Daga baya mabiyansa sun rabu gida biyu, Vadakalai da Tenkalai. A 2022 an ƙaddamar da mutum-mutuminsa mai tsayin ƙafa 216 kusa da Hyderabad.