Firinta da Sirrin Takardu: Tambayoyi da Amsoshi

Shin injin yana riƙe abin da aka buga a cikinsa?

Ƙaramar firinta ta gida takan manta da aikin da zarar an kashe ta. Manyan injunan ofis masu haɗa bugawa da fotokwafi da sikanin kuwa, da yawansu suna da faifan ajiya irin na kwamfuta, wanda kan riƙe hoton shafukan da suka bi ta cikinsu. A shekarar 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi injunan fotokwafi huɗu na hannu, ya ciro dubban takardu daga cikinsu, har da bayanan 'yan sanda da na marasa lafiya, kuma kamfanin inshorar lafiyar da ya yi sakaci da nasa injin, wanda ke cikin huɗun, ya biya tarar kimanin dala miliyan 1.2 a 2013. Saboda haka duk ofishin da zai yi gwanjon tsohon injinsa, wajibi ne a goge faifan ko a cire shi tukuna.

Mene ne haɗarin kai takarda shagon fotokwafi?

A nan ne, a ganina, ɓarnar ta fi yawa. Wanda ya leƙa shagunan da ke kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko sakatariyar jiha lokacin rajista ko ɗaukar ma'aikata, zai ga yadda mutane ke tura takardar NIN da shaidar haihuwa da sakamakon jarrabawa ta WhatsApp zuwa wayar mai shago. An buga, an biya, an tafi, amma takardar tana nan a wayar da kuma kwamfutar da yaran shago da abokan ciniki ke taɓawa kullum. Kwafin da tawada ta ɓata kuma sai a jefa shi kwali, daga nan ya isa hannun mai ƙosai ko mai tsire, har mutum ya warware ƙunshin gyaɗa ya tarar da hoton wani da lambarsa da ranar haihuwarsa. Abin da ya dace shi ne mai takarda ya tsaya a goge ta a gabansa, ya karɓi har kwafin da ya lalace, ya kuma ɗaga murfin injin kafin ya fita, domin a kan gilashin ake yawan mance ainihin takardar.

Ana iya yi wa firinta kutse ta intanet?

Ana iyawa. A 2018 wani ɗan kutse ya sa firintoci kusan 50,000 suka buga saƙonsa. Maganin shi ne a canza kalmar sirrin da injin ya zo da ita daga kamfani, a riƙa sabunta manhajarsa, a kuma kashe Wi-Fi ɗinsa idan ba a bukata.

Yaya za a yi da firintar da ma'aikata da yawa ke amfani da ita?

Yawancin manyan injuna suna da tsarin da ke tsare aikin har sai mai shi ya zo ya danna lambar sirrinsa, ta yadda takardar albashi ko sakamakon gwajin asibiti ba za ta kwanta a kan faranti kowa yana karantawa ba. Takardun da aka gama da su kuma a saka su a injin yayyaga takarda ko a ƙone su.

Doka ta ce wani abu a kan wannan?

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole ne ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC) cikin sa'o'i 72.