Damshin Ƙasa da Zafin Bazara: Me Ya Haɗa Su?

Masu hasashen yanayi ba sama kaɗai suke kallo ba, har ƙasa suna dubawa. Ga wasu tambayoyi da mutumin Katsina ko Daura zai so ya ji amsarsu a kan wannan batu.

Ina ruwan damshin ƙasa da zafin gari?

Zafin rana in ya sauka a ƙasa, hanya biyu gare shi. Idan ƙasar na da laima, kaso mai yawa yana ƙarewa ne wajen mayar da ruwa tururi, daga jikin ƙasar da kuma ganyen itatuwa da shuke-shuke. Aikin nan yana cin zafi sosai: kafin lita ɗaya ta ƙafe, sai ta sha zafin da ya ninka na tafasa ta fiye da sau biyar. Shi ya sa ruwan randa ke yin sanyi, domin wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafin. Amma idan ƙasa ta bushe ƙayau, babu inda zafin zai tafi sai cikin iskar da muke shaƙa.

To yaya wannan ke taimaka wa hasashe?

Iska da gajimare ba su da tabbas, da wuya a iya faɗin yadda za su kasance bayan mako biyu. Ita kuwa ƙasa takan riƙe damshinta, ko bushewarta, tsawon makonni har watanni. A 2003 ruwa ya yi ƙaranci a yammacin Turai tun kafin lokacin zafinsu, sai ga zafin watan Agusta ya zo ya tarar da ƙasa a bushe. An ƙiyasta mutum kusan 70,000 sun rasu, Faransa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Rasha ma ta ga irin haka a 2010. Sai dai a lura, bushewar ƙasa ba ita ke janyo zafin ba. Iska ce ke tsayawa cik, sama ta washe kwana da kwanaki, ita kuma busasshiyar ƙasa ta ƙara rura abin.

Da me ake auna damshin?

Akwai na'urorin da ake binnewa a gonaki, amma ba su da yawa a yankinmu. An fi dogara da taurarin ɗan Adam, kamar SMOS na Turai da aka harba a 2009 da SMAP na hukumar NASA ta Amurka a 2015. Su ma saman ƙasa kawai suke gani, kamar santimita 5. Na can ƙasa inda saiwa take, da kwamfuta ake lissafo shi.

Ke nan za a iya sanin zafin Afrilu a Katsina tun da wuri?

A nan ne mutane ke yin kuskure. Gaskiya ne wani babban bincike na 2004 ya sa yankin Sahel, tare da Indiya da tsakiyar ƙasar Amurka, cikin wuraren da damshin ƙasa ya fi tasiri a kan yanayi. Amma watannin Yuni zuwa Agusta ya duba, wato daminarmu. A Turai lokacin zafi yana iya samun ƙasa jiƙe bana, baɗi kuma a bushe, wannan bambancin ne ke ba da haske. Mu kuwa ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba, hunturu ya bi ya tsotse sauran. Kafin Maris duk jigawar Daura ta koma rairayi, kowace shekara haka take. Abin da ba ya canzawa ba zai gaya maka bana ta fi bara ba.

Zafin bazara da ke haura digiri 40 ya fi danganta da ƙura, da gajimare, da iskar kudu mai ɗauke da laima. Ita ce ke hana dare hucewa, a kwana a tsakar gida ana fifita ana zufa. A ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Don haka a wannan lokaci gara a riƙa bin sanarwar 'yan kwanaki ta hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet.

Yaushe ne damshin ke da amfani a wurinmu?

Farkon damina da ƙarshenta. In aka yi shuka a Yuni ruwa ya ɗauke kwana goma ko fiye, jigawa ba ta riƙe ruwa, nan da nan sai ta ɗau zafi, gero ya fara nannaɗe ganye tun hantsi, alhali fadama mai laka tana nan da sanyinta. Haka zafin agazari yakan fi tsanani in damina ta yanke da wuri. Wani abin mamaki kuma, binciken da aka yi a Sahel ya nuna hadarin yamma ya fi son tasowa a kan busasshiyar ƙasa da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya, saboda bambancin zafinsu yana tayar da iska.

Madatsun ruwa da itatuwa suna rage zafi?

Suna ragewa, amma iyakar kewayensu. Lambunan Jibiya da Ajiwa sun fi tsakiyar birni sanyi da rana, sai dai in ka yi nisa kaɗan da su ka koma cikin zafin da kowa ke sha.