Wa ke da hurumin neman kuɗin asusun jure sauyin yanayi?

Mai binciken da ke da irin hatsi mai jure fari, ko wata dabarar riƙe ruwa a gona, yakan ɗauka cewa takarda kawai zai rubuta wa asusun duniya a turo masa kuɗi. Ƙa'idar Adaptation Fund, asusun da ke taimaka wa ƙasashe masu tasowa su jure sauyin yanayi, ba ta ba da wannan dama ba.

An amince da kafa asusun a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Marakesh a 2001, ƙarƙashin yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙi, kuma tun farkon 2019 yake yi wa yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi aiki. Da farko kuɗinsa na fitowa ne daga kashi 2 cikin ɗari na takardun shaidar rage hayaƙi da ake sayarwa. Da farashin takardun ya karye, sai ya koma dogaro da gudummawar ƙasashe irin su Jamus da Suwidin. Abin da yake bayarwa kyauta ne, ba bashi ba, kuma ba a tilasta wa ƙasa ta kawo nata kason kafin a ba ta.

Mai nema dole ya kasance hukumar da asusun ya tantance: ya duba yadda take riƙe kuɗi, yadda take ba da kwangila, da yadda take sauraron koke. Tana iya zama ta ƙasa, ta yanki, ko ta duniya. Cibiyar sa ido kan muhalli ta Senegal ce ta fara samun tantancewa a matakin ƙasa, a 2010, kuma cikin aikinta na farko har da gina shingen da ke tare ruwan gishiri daga gonakin shinkafa a Joal. Domin kada manyan hukumomin duniya su kwashe komai, an ƙayyade cewa rabonsu ba zai wuce rabin kuɗin ayyuka ba. Sannan kowace buƙata sai ta zo da wasiƙar amincewa daga jami'in da gwamnatin ƙasar ta naɗa. In babu sa hannunsa, komai kyawun tsarin, ba za a ko buɗe shi ba.

To ina mai bincike ya shiga? A matsayin mai aiwatarwa. Hukumar da aka tantance ce ke karɓar kuɗin ta kuma amsa tambaya a kansa. Jami'a ko cibiyar binciken noma ta yi aikin a ƙarƙashinta. Ladan hukumar ba ya wuce kashi 8.5 cikin ɗari a aikin ƙasa guda, kuɗin tafiyar da aiki kuma kashi 9.5.

Sharaɗin da ya fi kayar da masana shi ne wanda ya ce aikin ya zama na zahiri, mai amfanin da za a gani a kuma auna. Binciken da zai ƙare a mujalla ba ya cikin lissafi. Wanda ke shiga shi ne irin wanda aka raba gona biyu, nan tsohon iri, can sabo, manomi da kansa ya auna buhunan da kowane ɓangare ya bayar. Ko tashar awon ruwan sama da sakamakonta ke isa wayar manomi kafin ya yanke ranar shuka. Dole kuma a nuna an zauna da mutanen wurin, har da mata, kafin a tsara aikin.

A ganina sharaɗin ya yi daidai, don ya hana kuɗin manoma ƙarewa a tarukan otal. Amma yana da giɓi. Fitar da sabon iri kan ci shekara goma, ayyukan asusun kuwa galibi shekara uku zuwa biyar ne. Ke nan yana yaɗa abin da wasu suka riga suka gano, doguwar wahalar kuma ta rage wa cibiyoyin CGIAR, wato gamayyar cibiyoyin binciken noma na duniya, da na ƙasashe.

Akwai ƙaramar ƙofa ga waɗanda ba a tantance ba. A taron Madrid na 2019 aka ƙaddamar da shirin tallafa wa sababbin dabaru, wanda hukumomin raya ƙasashe da na muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara gudanarwa. Ƙungiya mai zaman kanta ko ta al'umma na iya samun har dala 250,000 ta nan don gwada dabararta a gona.