Mece ce "Cinikayya da Kuɗin Gida" da Ƙasashen Kudu Maso Gabashin Asiya Suka Runguma?

Duk mai bibiyar labaran tattalin arziki a 'yan shekarun nan ba zai rasa cin karo da kanu irin na "ƙasashen Asiya sun juya wa dala baya" ba. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne tsarin da manyan bankunan yankin suke kira cinikayya da kuɗin gida. Ma'anarsa ita ce ƙasashe biyu su yarda 'yan kasuwarsu su sayi kaya su biya da kuɗin ɗayansu, ba sai an bi ta kuɗin wata ƙasa ta uku ba. Ɗan Malesiya ya ba da ringit, ɗan Tailan ya karɓi bat, dala ba ta shiga tsakani ba.

Wani zai ce to ai dama haka ya kamata. Gaskiya ne, amma ba haka abin yake ba a da, kuma har yau ba haka yake ba a yawancin ciniki. A ce mai shagon kayan gyaran mota a Alor Setar, arewacin Malesiya, ya yi odar kaya daga wani dila a Hat Yai, kudancin Tailan. Tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota tsakaninsu. Dilan zai rubuto farashi da dala. Bankin mai shago zai karɓi ringit ɗinsa ya canza zuwa dala, ya cire nasa kason. Dalar za ta ratsa ta wani banki da ke Amurka, wanda shi ma yana da ladan da yake ɗauka, ga shi kuma lokacin da ake aiki a Kuwala Lumfur dare ne a Niyok. Daga nan ta isa bankin dila, a sake canza ta zuwa bat, a sake cire wani abu. Canji biyu ke nan, yanka biyu ko uku, da jiran kwana biyu ko fiye. Abin da ya fi ciwo shi ne tsakanin ranar da aka yi oda da ranar biya dala na iya tashi, sai mai shago ya ga ribarsa ta zube saboda wata shawara da aka yanke a Washinton, alhali shi da dilan ba wanda ya taɓa sayar wa Ba'amurke ko ƙusa ɗaya.

Me ya sa suka yarda da wannan wahala tun farko? Saboda dala tana da kasuwa. Idan Babarbare da Banufe suka haɗu a Kantin Kwari, da Hausa za su yi ciniki, domin ita ce kowannensu yake ji. Matsayin dala ke nan a tsakanin kuɗaɗen duniya. Binciken da Bankin Daidaita Biyan Kuɗi na Duniya, wato BIS, ya yi a 2022 ya nuna cewa a cikin kowace hada-hadar canji 100, dala tana gefe ɗaya a 88. Mai neman canza ringit zuwa dala zai samu mai saye nan take. Mai neman canza ringit zuwa bat kai tsaye sai ya jira ya samu wanda buƙatarsa ta yi daidai da tasa, kuma ƙarancin irin waɗannan mutane ne ke sa farashin ya yi tsada.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa waɗannan ƙasashe suka dage a kan wannan batu ba sai an koma 1997. Kafin wannan shekara Tailan ta ɗaure kuɗinta a kan kusan bat 25 a dala ɗaya. Ganin farashin ba ya motsi, kamfanoni da bankuna suka yi ta cin bashi da dala suna gina gidaje da masana'antu, suna samun kuɗin shigarsu da bat. Da masu zuba jari suka fara janye kuɗinsu, babban bankin ƙasar ya yi ta zubar da ajiyarsa don kare bat har ta kusa ƙarewa. Ranar 2 ga Yulin 1997 ya saki. Zuwa Janairun 1998 dala ɗaya ta haura bat 50. Wanda ake bin sa bashin dala miliyan ɗaya, nauyin da ke kansa ya ninka ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba.

Wutar ta tsallaka maƙwabta. A Indonesiya rupiya ta faɗo daga kusan 2,400 a dala zuwa fiye da 16,000 a tsakiyar 1998. Farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, tarzoma ta ɓarke, kuma a watan Mayun wannan shekara Shugaba Suharto ya sauka bayan fiye da shekara 30 a kan mulki. Tailan da Indonesiya da Koriya ta Kudu suka karɓi rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da sharuɗɗansa masu tsauri. Malesiya a ƙarƙashin Mahathir Muhammad ta ƙi, ta hana fitar da jari sakaka, ta ɗaure ringit a kan 3.80. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yawancin waɗanda ke jagorantar manyan bankunan yankin a yau sun ga wannan zamani da idonsu.

Matakin farko bayan rikicin shi ne yarjejeniyar Ciyang Mai ta shekarar 2000, inda ƙasashen ASEAN, wato ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, da Sin da Japan da Koriya ta Kudu suka yi alkawarin ranta wa juna kuɗi in wani ya shiga matsi. Daga baya asusun ya kai dala biliyan 240. Amma wannan tanadi ne don ranar tsanani, kuma shi ma da dala aka ƙiyasta shi. Taɓa cinikin yau da kullum a tsakanin ƙasashen ASEAN bai fara ba sai 2016, lokacin da babban bankin Malesiya da na Tailan suka ƙaddamar da tsarin biyan kuɗin kaya da ringit da bat. Indonesiya ta shigo, aka fara aiki da ita a farkon 2018, sannan ta fara aiki da irinsa da Japan a 2020 da Sin a 2021.

Yadda tsarin ke aiki ba shi da sarƙaƙiya. Kowane babban banki yana zaɓar wasu bankunan kasuwanci a ƙasarsa ya ba su lasisi na musamman. Waɗannan bankuna suna buɗe asusu a wurin takwarorinsu na ɗaya ƙasar, da kuɗin can, kuma wajibi ne su riƙa fitar da farashin canji kai tsaye, misali ringit nawa ne a bat 100. Akwai wani abu da ba a cika ambata ba. Tun bayan 1997 Malesiya da Indonesiya suka taƙaita hada-hadar kuɗinsu a wajen iyakokinsu don gudun 'yan cacar canji. To a wannan tsari sai suka sassauta wa zaɓaɓɓun bankunan kaɗai, bisa sharaɗin akwai takardun kaya ko na aiki na gaske a bayan kowane canji. Sun buɗe taga, ƙofar tana nan a kulle. A ganina wannan taka-tsantsan ne ya sa tsarin ya ɗore.

Duk wannan harka ce ta kamfanoni da bankuna. Inda talaka ya fara ganin abin a tafin hannunsa shi ne da zuwan tambarin QR, murabba'in nan mai ɗige-ɗige baƙi da fari da ake haskawa da kyamarar waya. Kowace ƙasa ta fara gina nata a gida: PromptPay a Tailan, PayNow a Singafo, DuitNow a Malesiya, QRIS a Indonesiya wanda aka ƙaddamar ranar 17 ga Agustan 2019, ranar bikin 'yancin ƙasar. Da suka zauna da gindinsu sai aka fara haɗa su bibbiyu. Malesiya da Tailan a 2021, Indonesiya da Tailan a 2022, Indonesiya da Malesiya da kuma Singafo a 2023.

Ga yadda yake a kasuwa. Wata mata daga Malesiya ta tsallaka Hat Yai hutun ƙarshen mako, ta tsaya gaban mai soya kaza a bakin titi. A jikin teburinsa akwai ɗan kwali da aka naɗe da leda don kada mai ya ɓata shi, ɗauke da tambarinsa. Ta buɗe manhajar bankinta na gida ta haska, ta rubuta bat 60. Wayar ta nuna mata abin da hakan ya kama da ringit, ta danna amincewa. Kafin ya gama zuba mata shinkafa a leda saƙo ya shigo wayarsa cewa bat 60 sun faɗa asusunsa. Ba ta bi layin 'yan canji a bakin iyaka ba, ba ta koma gida da tarin tsabar da ba za ta yi mata amfani ba. Shi kuma bai sayi na'urar karɓar kati ba, wadda dama ta fi ƙarfin jarinsa. A 2023 'yan Malesiya fiye da miliyan 4 ne suka ziyarci Tailan, sun fi na kowace ƙasa yawa a wannan shekara, saboda haka irin wannan ƙaramin ciniki in aka tara shi ba ƙarami ba ne.

Kuma mutanen ba baƙin juna ba ne. Lardunan Fattani da Yala da Naratiwat na kudancin Tailan yawancinsu Musulmi ne masu magana da harshen Malay, da dangi da surukai a tsallaken iyaka. Ɗan Indonesiya da ɗan Malesiya suna jin maganar juna ba tafinta. Ɗimbin 'yan Indonesiya suna aiki a gonakin kwakwar manja da wuraren gine-gine na Malesiya suna aika kuɗi gida. Gadar da ta haɗa Johor da Singafo, wadda aka buɗe a 1924, mutum kusan 300,000 ke bi ta kanta kullum, yawancinsu masu kwana a Malesiya su yi aiki a Singafo. Zumuncin ya girmi bankunan nesa ba kusa ba, tsarin biyan kuɗin ne ya makara. Shi ya sa haɗa PayNow da PromptPay a Afrilun 2021, karo na farko a duniya da aka haɗa irin waɗannan tsare-tsare na ƙasashe biyu, ya zama babban labari: ma'aikaci a Singafo zai iya tura wa mahaifiyarsa a Tailan har dalar Singafo 1,000 a rana da lambar wayarta kawai, cikin mintuna, a lokacin da aika kuɗi ƙetare ke lashe kusan kashi 6 cikin 100 a matsakaicin lissafin duniya.

Sauƙin yana zuwa da nasa haɗari. A azumin 2023 an kama wani mutum a Jakarta da ya riƙa liƙa nasa tambarin a kan na akwatunan sadaka na masallatai, masu niyyar alheri suna haskawa kuɗin na tafiya aljihunsa. Wanda ke biya a ƙasar da ba ya iya karanta rubutunta ya fi kowa shiga wannan tarko.

To shin da gaske an yi watsi da dala? A'a, kuma masu yaɗa hakan suna yi wa mai karatu rashin adalci. Cinikin da ƙasashen ASEAN ke yi a tsakaninsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan cinikinsu na waje ba. Man fetur da dala ake sayensa, manyan basussuka da dala ake cin su, ajiyar manyan bankunan ma rinjayenta dala ce. Sanarwar da shugabannin ASEAN suka fitar a taronsu na Labuwan Bajo a Mayun 2023 ta yi maganar ƙarfafa amfani da kuɗin gida ne, ba ta ce a kori kowa ba.

Babban abin da ke taƙaita tsarin shi ne sai ciniki yana tafiya ta ɓangare biyu. In ƙasa ɗaya ce kullum ke saye, ɗayar za ta wayi gari da tulin kuɗin maƙwabciyarta da ba ta da abin saye da shi, daga nan sai ta ce a koma dala. Sannan sai mai karɓa ya amince kuɗin da aka ba shi yau ba zai zube gobe ba. Mu ma mun ɗanɗana wannan. A 2018 Babban Bankin Najeriya ya ƙulla yarjejeniyar musaya da na Sin, yuwan biliyan 15 a kan naira biliyan 720, don masu shigo da kaya su daina neman dala. Amma abin da Najeriya ke saya daga Sin ya ninka abin da take sayar mata, ga naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa har yau ɗan kasuwar Kano mai zuwa Guwanzu yana zagayen Wapa neman dala. A gefe guda, 'yan canjin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙwanni, sun daɗe suna musayar naira da sefa hannu da hannu ba tare da dala ba, saboda dabbobi da wake suna gangarowa, kayan masarufi suna haurawa. Abin da suke yi a kan benci shi ne manyan bankunan Asiya suka mayar doka da na'ura, kuma shi ne tsarin biyan kuɗi na PAPSS da aka ƙaddamar a Akara a Janairun 2022 yake son yi wa Afirka.

Matsalar da ke gaban 'yan Asiyan yanzu ta lissafi ce. Haɗa ƙasashe bibbiyu yana cin lokaci, kowace yarjejeniya da nata zaman tattaunawa da nata gyaran na'ura. Ƙasashe 10 in kowacce za ta haɗu da kowacce, haɗi 45 ake buƙata. Saboda haka a tsakiyar 2024 manyan bankunan Malesiya da Singafo da Tailan da Filifin da Indiya suka sa hannu a kan wani shiri da BIS ya tsara mai suna Nexus, wanda zai zama mahaɗa ɗaya: ƙasa ta jona tsarinta sau ɗaya, ta isa ga duk sauran da ke ciki. Indiya ta shigo da UPI, tsarin biyan kuɗi nan take mafi yawan hada-hada a duniya, wanda tun Fabrairun 2023 aka riga aka haɗa shi da PayNow na Singafo.